Buhuna 210 na shanshera ina kallonsu cikin sito amma doka ta ce kar in taɓa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta abin ga da ya same ni, don 'yan uwana masu kai wa kamfanoni kaya bashi su san yadda lamarin yake in kamfani ya durƙushe, don ni sai da ta faɗo mani sannan na sani, kuma wallahi ban so wani ya koya ta hanyar da na koya.

Sana'ata sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ina bin manoma Augie da Suru da Bunza da wajen Argungu in tara in kai ma masu casa. Tun da anka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers nan Kebbi a Nuwamban 2015 harkar ta buɗe, da anka rufe boda a Agustan 2019 kuma sai injina sunka yawaita, kowa na neman shanshera, mu da muke tsakiya munka samu abin rufin asiri alhamdulillahi. Akwai wani matsakaicin kamfani da nake kai ma kaya kusan shekara huɗu, ba cikin manyan nan da kowa ya sani yake ba kuma ba zan faɗi sunanshi ko garin da yake ba. Tsarinmu da su mai sauƙi ne, mota ta hau sikeli a auna, a soka buhu a duba danshi, a sauke, bayan sati biyu ko uku in ji alat. Babu wata yarjejeniya a rubuce, webil ce kawai, wato takardar rakiyar kaya, da tikitin sikeli, sai amana.

A girbin rani na 2023 cikin watan Mayu na kai masu tirela biyu, buhu 600, kowane a 24,000, kuɗi ya kama miliyan 14 da dubu 400. Cikin kuɗin nan miliyan 9 ba nawa ba ne, na manoma 11 ne da sunka ba ni kayansu sai na dawo. Ana cikin haka anka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, komai ya tashi, dama gas ya riga ya gallabi masu injina tun 2022. Sati uku ya wuce shiru, sati shida shiru. In na kira manaja sai ya ce Alhaji ka ƙara haƙuri tukunyar turara ce ta lalace muna jiran kayan gyara. Na yi haƙuri don bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma mutanen ga ba su taɓa cin ko kwabona ba.

Wata Litinin cikin Agusta na tafi da kaina. Ina isa na tarar da sababbin masu gadi, an manna wata farar takarda jikin get da Turanci, ga mutane tsaye cirko-cirko, direbobi da masu kawo buhu da leburori. Wani yaro ya karanta muna, wai daga yau kamfani yana hannun administireta, banki ya naɗa shi. Ban taɓa jin kalmar ba a harkar kasuwa. Tsohon maigadin da na sani, dattijo ne, shi ya ja ni gefe ya ce Alhaji masu wurin ba su da ta cewa yanzu, ko ofis ba su shiga sai da izini, amma kayanka na nan ban ga an taɓa na bayan ba. Ya rakani ta gefen sito na leƙa ta wagar ƙofa. Ina sa ma buhunana alama da jan fenti, layi biyu a kunnen buhu, to ga su nan jere a kan katako, daga baya da anka ƙirga 210 ne cif. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na tsaya nan ina kallonsu ƙirjina na bugawa, a raina na ce gobe da asuba zan zo da mota.

Da dare na je wurin malaminmu da muke karatu bayan magariba na ba shi labari. Ya ce ai wannan a fili take, akwai hadisin Abu Huraira cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya tarar da kayanshi da idonsu wurin mutumin da ya karye to shi ya fi kowa cancanta da su, kuma a Risala haka yake a kan maganar taflisi, wato karyewar mai bashi, ko ka ɗauki kayanka in ana gane su ko ka shiga rabo da sauran masu bin bashi, sai dai in mutuwa mutumin ya yi to nan kai da kowa ɗaya ne. Na ji sanyi sosai. Amma Malam, Allah shi saka mashi, ya ƙara da cewa kar in fasa ƙofar kowa, in nemi lauya tukuna tunda kamfani ne mai rajista.

Washegari na shiga Birnin Kebbi wurin wani barista ƙanen abokina. Na ce mashi Barista abu uku nake so, ko in kwashe kayana, ko in kai su kotun shari'a, ko in sa 'yan sanda su kamo mani manaja. Ya ce Yaya duk ukun babu mai yiwuwa, zauna in gaya maka. Na 'yan sanda dai, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Na kotu kuma, maganar kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni CAC irin wannan hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, akwai ta nan Birnin Kebbi, to amma ko can ɗin yanzu ba ka iya shigar da ƙara haka kawai. Ya ɗauko dokar kamfanoni, CAMA, wadda Buhari ya sa ma hannu a Agustan 2020, ya ce ita ta shigo da wannan tsari na administireta, da can abin da anka fi sani shi ne risiba da banki ke turowa ya sayar da jingina ya tafi, ko kuma a rushe kamfani gaba ɗaya. Shi wannan sabon, da zarar ya shiga sai doka ta sa ma kamfanin katanga, babu mai kai ƙara, babu mai ci gaba da ƙarar da ya riga ya shigar, babu mai ƙwace kaya, har mai jingina, sai da yardar administireta ko izinin kotu.

Na ce to kayana fa, ai nawa ne ba a biya ni ba. Nan ya gaya mani maganar da ta hana ni barci kwana da kwanaki. Ya ce ranar da motarka ta sauka daga sikeli sunka karɓa sunka buga hatimi, a idon doka shinkafar ta zama tasu, kai abin da ya rage maka kuɗi ne kake bi. Da a ce kun rubuta cewa kaya na nan a matsayin naka har sai an biya, da magana ta canza, ko a hakan ba za ka shiga ka ɗiba da hannunka ba amma dole ya zauna da kai a matsayin mai kaya. Layi ɗaya ne jal a jikin takarda. Shekara huɗu ina hulɗa da su ban taɓa tunanin shi ba, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, wadda ke bi mata kuma ta ambaci jingina. Banki ya rubuta ya riƙi jingina ya je CAC ya yi mata rajista, ni da nake karanta ayar ban yi ba. Wannan ya fi asarar kuɗin yi mani ciwo a lokacin.

Sai ya zana mani layin biya a bayan ambulan. A gaba banki, don fili da gini da injina duk jinginarshi ne. Sannan kuɗin aikin shi kanshi administiretan, da albashin ma'aikata da kuɗin fansho da haraji waɗanda doka ta fifita. Akwai kuma wata jinginar ta biyu da bankin ke da ita wadda ta lulluɓe duk abin da ke shiga yana fita, kayan sito da kuɗin da kamfani ke bin mutane, kuma ita ce ma ta ba shi damar naɗa administireta. Bayan duk waɗannan sai mu marasa jingina, a raba muna abin da ya rage gwargwadon bashin kowa. Masu hannun jari su ne ƙarshe. Ma'ana buhunan nan nawa masu jan fenti sun faɗa cikin lulluɓin banki.

Ranar da na fara ganin administiretan na shiga da fushi. Akanta ne, ba ɗan jiha ba, Hausarshi kaɗan ce sai da tafinta, yana zaune a kujerar mai kamfani da fayil-fayil har ƙasa. Na ce yallaɓai kai yaron banki ne an turo ka ka cinye muna dukiya. Bai ɗaga murya ba, ya ce banki ya naɗa shi gaskiya ne amma doka ta ɗora mashi yin aiki don masu bin bashi baki ɗaya kuma shi jami'in kotu ne, abu na farko da zai gwada shi ne ceto kamfanin ya ci gaba da aiki, in bai yiwu ba ya nemo muna sakamakon da ya fi na rushewa, in shi ma bai yiwu ba sannan ya sayar ya biya masu jingina da waɗanda anka fifita. Ya miƙo mani fom ya ce in cike in haɗo hujja.

To a nan na sha wuya. Tirela ta farko takardunta cikakku. Ta biyu webil ɗin babu hatimin sito don ranar da dare munka sauke mai hatimin ya tashi, sai anka rubuto mani cewa an karɓi miliyan 7 da dubu 200 kawai, sauran babu shaida. Rabin kuɗina ke nan zai tafi a kan hatimi. Na koma wurin dattijon nan maigadi na ce Baba ka tuna daren da munka shigo, ya ce ƙwarai, ya shiga ɗakinshi ya fito da wani tsohon littafin get mai baƙin bango duk ya sha hannu, munka bi shafi-shafi da tocilan har munka samu lambar motar da sa'ar shiga da ta fita da sa hannun direba. Na ɗauki hoto, na nemo direban a Jega, na haɗa da tikitin sikeli da saƙon WhatsApp da manaja ya turo mani washegari yana cewa kaya sun iso, munka je kotu na yi takardar rantsuwa. Sati uku kafin a amsa amma an karɓa duka. Wasu da na sani ba su da ko ɗaya, ciniki ne na baki da baki, ina ganin wani bawan Allah ya fito daga ofishin yana share hawaye.

Abin da ya tada muna hankali na gaba, sai munka ji an biya mai kawo gas tsohon bashinshi, an biya kuɗin wuta, mu ko sisi. Kuma anka kunna inji anka cashe shinkafar da ke sito har da tawa anka sayar. Na kira Barista ina rawar murya na ce wannan ai zalunci ne tsagwaronshi, dukanmu marasa jingina ne don mi za a zaɓi wani. Ya ce doka ta ba shi ikon biyan wani in yana ganin biyan zai taimaka ma aikin ceton, mai gas ya ce ba ya ƙara kawo ɗigo sai an biya shi kuma ba gas ba casa. Yana da ikon sayar da kayan sito ba tare da ya tambayi kowa ba, yana iya cire darakta ya sa wani, sai dai fili da injinan da ke ƙarƙashin tsayayyar jingina ne ba ya sayarwa a kan gaban kanshi in mai jinginar bai yarda ba sai ya je kotu. Har yau ban gamsu da biyan mai gas ba, a ganina wanda ke iya shaƙe maka wuya shi anka saurara mawa, manomi kuma da ba shi da abin shaƙewa anka bar shi. Amma na gane ihu a bakin get ba ya canza komi.

Sai Barista ya ce ku ma fa kuna da naku, ba ku dai amfani da shi. Dole ya rubuto maku tsarin da yake son bi, dole ya kira ku taro ku amince ko ku ƙi ko ku nemi gyara, kuna iya kafa kwamiti da zai riƙa kiran shi ya zo ya yi bayani, kuma duk wanda ya ga ana cutar da shi ba bisa adalci ba ko ana jan ƙafa yana iya kai kuka kotu. Sannan wa'adinshi shekara ɗaya ne, in yana son ƙari sai da yardar masu bin bashi ko umarnin kotu. Wannan na ƙarshen shi na riƙe.

Ran taron a wani ɗakin taro na otal anka yi. Mun cika wurin, mu masu shanshera mun fi 30, na ɗauka hannu za a ɗaga mu yi rinjaye. Ashe ƙuri'a da nauyin bashi take ba da yawan kawuna ba, wani kamfanin Kano mai kawo masu buhu da kayan gyara shi kaɗai ya kusa rinjayar mu duka, ga shi mun zo a warwatse kowa da tashi magana, wani na cewa a rushe a raba yau, wani na zagi, wani ya yi zuciya ya fita. Da anka tashi sallar azahar na tara waɗanda na sani a gindin wata dogonyaro na ce 'yan uwa in munka koma haka an gama da mu, mu haɗa bashinmu wuri ɗaya mu yi magana da baki ɗaya. Munka lissafa a waya, jimillarmu ta fi ta mutumin Kano. Munka koma munka ce mun amince da tsarin amma da sharaɗi biyu, a kafa kwamiti da mutum biyu daga cikinmu, kuma kar a sayar da kamfanin sai an nuna ma kwamiti ƙimar da anka yi mashi. Ya karɓa, anka rubuta. Ni da wani Alhaji daga Yauri anka sa.

Zaman kwamitin nan ya buɗe mani ido. Nan na ga ashe tun kafin in kai kayana kamfanin ya daina biyan banki wata da watanni, sun san ruwa ya ƙare ma ɗan kada sunka karɓi tirela biyu daga hannuna suna murmushi. Nan kuma na ga kuɗin da administiretan da lauyoyinshi ke ɗauka, kuma duk wata da ya ƙaru daga rabonmu yake fita tunda mu ne a ƙarshen layi. Ya nemi in ci gaba da kawo shanshera, na ce sai dai kuɗi hannu, ya ce duk abin da ya saya yanzu cikin kuɗin aiki yake ana biyan shi gaba da tsohon bashi, na kawo sau biyu kuma an biya ni a ranar.

Ceto dai bai yiwu ba, ya dawo kan a sayar da kamfanin ɗungurungum yana aiki. Ya kawo mai saye ɗaya da farashin da in an cire na banki da na ma'aikata da nashi, abin da zai iso gare mu bai kai kwabo 10 a naira ba. Alhajin Yauri ya san injina, ya duba takardar ƙimar ya ce ina janareto na biyu, ina na'urar tsince tsakuwa da anka sawo bara, babu su a lissafi. Munka ce ba mu yarda ba a kawo wani mai ƙima daban kuma a tallata a jarida. Ya ce lokaci na tafiya mai saye zai gudu. Barista ya rubuta mashi wasiƙa cewa in ya sayar a haka za mu je kotu, munka kuma tuna mashi shekararshi ta kusa cika kuma ƙarin wa'adi zai biyo ta kanmu. Kowa ya ba da 20,000 munka haɗa kuɗin lauya. Ba mu kai ga shiga gaban alƙali ba, ya sake ƙima ya tallata, mutum uku sunka taya, farashi ya ɗaga sosai. Ban ce mutumin macuci ba ne, ina ganin sauri yake ya sallami banki ya rufe fayil, amma da ba mu zauna a teburin ba haka za ta wuce. Munka ba shi ƙarin wata shida.

Kafin ya raba muna sai da ya koma kotu neman izini don marasa jingina ba a biyan su rabo haka nan. Ƙarshen 2024 alat ya shigo, kwabo 31 a kowace naira, nawa ya kama 4,464,000 daga cikin miliyan 14 da dubu 400, a lokacin kuma buhun shanshera ya fi ninkin kuɗin da na sayar.

Manomana dama na sayar da filina na bayan gari na rage masu miliyan 3, saura miliyan 6. Na kira su duka 11 gidana bayan la'asar munka shimfiɗa tabarma a zaure, na aje takardar banki a tsakiya na ce ga abin da ya fito ban cire ko kuɗin mota ba. Akwai ɗaya cikinsu da ya fi matsa mani, har gida yake zuwa da safe, ya ce a fara cika mashi nashi tunda aure zai yi ma ɗiyarshi. Na ji abin da yake ji don ni ma na faɗi irin ta a wancan ofishin, amma na ce Kawu ka yi haƙuri, in na cika maka wani zai tashi da hannu biyu, gwargwado za mu yi. Munka buga lissafi kowa na kallo, na tura ma kowa nashi nan take, mai ƙaramar waya na ba ɗanshi ya duba mashi. Ragowar 1,536,000 na ɗauko takarda na rubuta sunan kowa da abin da yake bina da watan da zan biya, girbin rani mai zuwa, liman da maƙwabcina sunka sa hannu a matsayin shaidu. Wani dattijo daga Augie ya ce Alhaji mi ya kawo takarda tsakaninmu, ai mun yarda da kai. Na ce Baba ka riƙe dai, na naɗe tashi na sa mashi a aljihun riga.